Askin malet: gaba a rage, ƙeya a sake

Sani Mai Aski:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambaya gare ni ga 'yan uwanmu da ke ƙasashen waje, da kuma malamai. Kwanan nan samari sun ɗauko wani aski. Sai yaro ya zauna a kujera ya miƙo maka waya ya ce irin wannan za a yi masa. Gaba a rage, gefe biyu a kwashe, ƙeya kuma a bar ta ta sauko har wuya. Malet suke ce masa. Ni sana'ata ce, ba na son hannuna ya riƙa yin abin da ban san asalinsa ba. Daga ina ya taso? Su wane ne ke yin sa a can? Kuma mai shi ana ganin mutuncinsa, ko kallon ɗan iska ake yi masa?

Kabiru Tirela:
Wa alaikumussalam Sani. Tuƙin tirela nake yi a nan Amurka, kuma babu inda ake ganin askin nan kamar wuraren da direbobi ke tsayawa shan mai a jihohin kudu, irin su Kentucky da Tennessee da Alabama. Mullet ake rubutawa, asali sunan wani kifi ne na bakin teku. Kirarin da suke yi masa shi ne wai gaba ta ofis ce, baya ta gidan rawa. In ka tari mutum ta fuska ka ga kamilin ma'aikaci, in ya juya ka ga ɗan shagali.

Sunayen tsokana kuwa ba a magana. Suna cewa "Kentucky waterfall", wato gashin ya zubo a ƙeya kamar ruwan da ke gangarowa daga kan dutse a Kentucky. Suna cewa "Tennessee top hat", wai shi ne doguwar hular manya a wurin mutanen Tennessee. Wasu su ce abin ɗumama wuya. To ka lura da jihohin da ake ambata, duk wuraren da aka sani da talakawan Turawa na karkara ne. Ɗan birni ne ke raɗa sunan, manomi da makanike ne ke ɗauke da askin. Shekara da shekaru kallon baƙauye ake yi wa mai shi.

Alhaji Ɗanjuma:
Sani ɗana, abin nan ba sabo ba ne, tsohon yayi ne ya dawo. Duk wanda ya kalli gasar cin kofin duniya ta 1990 a Italiya ya san shi. Mu lokacin hankalinmu na kan Kamaru da Roger Milla, tun ranar da suka ci Ajantina ɗaya da nema a wasan buɗe gasa. Amma in ka dubi 'yan wasan Turai, da yawansu da wannan jelar a ƙeya suke gudu. Rudi Völler na Jamus shi ne sarkinsu. Ranar da suka haɗu da Holan, Frank Rijkaard ya tofa masa yawu a cikin sumar nan, muna gani yana taɓa gashin yana nuna wa alƙalin wasa. Daga baya duk su biyun aka kora da jan kati, Jamus kuma ta je ta ɗauki kofin.

Haka a sinima. Sanjay Dutt a finafinan Indiya na farkon shekarun 1990, da Van Damme, da 'yan kokawar Amurka da muke kallo a kaset. Sai dai ba mu san wani malet ba, sumar Indiya kawai muke cewa. Ba a kwaikwaya sosai ba don gashinmu ba ya kwanciya. Masu hali a cikinmu jeri-koil suka yi, mai yana ɗiga a wuyan riga.

Anti Bilki Jamus:
Baba Alhaji ka tuna min. Har yau in ana hirar askin nan a Jamus sunan Völler ne ke fara fitowa. Saboda nannaɗaɗɗiyar sumarsa ma aka yi masa laƙabin "Tante Käthe", kamar a ce Goggo Käthe. Jamusawa nasu sunan gare su, Vokuhila. Farkon kalmomi huɗu suka tsinko suka haɗa, "vorne kurz, hinten lang", gaba gajere baya dogo. In mutum ya haɗa da gashin baki sai a ƙara masa da Oliba. A ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990 an yi yayin barkwanci a kan masu tuƙa mota ƙirar Opel Manta, ana nuna su a matsayin marasa ilimi masu son burga, kuma da wuya a zana mai Manta ba a sa masa Vokuhila ba. Maganar Yaya Kabiru ce dai, raini ne na 'yan boko ga leburori.

Yanzu kuwa abin ya juya. A asibitin da nake aiki akwai matasan ma'aikata masu shi, har da mata, kuma ba mai ɗaga kai ya kalle su.

Nura Debrecen:
Anti, nan Hangari sunansa "Bundesliga". A wurinsu askin 'yan ƙwallon Jamus ne. Wani ɗan ajinmu ɗan Folan ya ce su "czeski piłkarz" suke cewa, ɗan ƙwallon Cek ke nan. Su kuma mutanen Cek sun jingina shi ga Jaromír Jágr, gwaninsu na wasan hoki na kan ƙanƙara, wanda ya ci kofi da ƙungiyar Pittsburgh a 1991 da 1992, sumarsa na reto a ƙarƙashin hular kwano. 'Yan Denmak na cewa gashin 'yan Siwidin. 'Yan Siwidin na cewa "hockeyfrilla", askin 'yan hoki.

Malama Hadiza:
Nura ka taɓo min inda nake so. Ku dubi jerin nan da kyau. In ban da mutanen Cek da suka yi alfahari da ɗansu, ba mai cewa nawa ne. Kowa na tura shi gidan maƙwabci, ko gidan wanda yake ganin ya fi shi.

Kuma wannan ɗabi'a ta girme mu duka. A ƙarni na 6, zamanin Sarki Justinian, akwai wani marubucin tarihi Procopius a birnin da yau ake kira Istanbul. Lokacin samarin birnin sun rabu gida biyu wajen goyon bayan masu tseren keken doki, akwai 'yan Shuɗi akwai 'yan Kore, suna faɗa a titi kamar yadda wasu magoya bayan ƙwallo ke yi yanzu. Procopius ya rubuta cewa tsagerun 'yan Shuɗi sun daina aski irin na sauran Rumawa. Suna yanke gashin gaba har zuwa gefen goshi, su saki na baya ya yi tsawo, su bar gemu da gashin baki irin na Farisawa. Sunan da aka sa wa askin shi ne na Hun, wato wata ƙabila ta mahaya dawaki da Rumawa ke ɗauka a matsayin 'yan daji. Kusan shekara 1,500 ke nan, amma abu uku da muke gani yau duk suna ciki: samari ne, masoya wasa ne, kuma dattijon da ke ba da labarin ransa a ɓace yake.

Abin da nake so in ce wa Sani shi ne, sunayen nan ba labarin gashi suke ba mu ba. Labarin wanda ake rainawa a kowace ƙasa suke ba mu.

Isuhu Damagaram:
Sannunku da hira. Malama, ga ƙari daga ɓangaren masu Faransanci. A Faransa "coupe mulet" ake cewa, ko "nuque longue", doguwar ƙeya. A yarensu mulet kifi ne kuma alfadari ne, to ka ji inda dariyar take. A Kebek ta Kanada kuwa "coupe Longueuil" ne sunansa. Longueuil gari ne a ƙetaren kogi daga Montreal, an san shi da ma'aikatan masana'antu, 'yan cikin birni suka laƙaba musu askin. A Cile ta Kudancin Amurka na ji ana cewa "chocopanda", daga sunan wani askirim mai araha da samari masu irin wannan askin ke tallarsa a cikin motocin haya. Mai talla ne ya zama sunan aski.

Amma masu shi ba su zauna ana ta yi musu dariya ba. A 2019 aka fara bikin masu wannan aski a garin Boussu na Beljiyam, mutane suka taru daga ƙasashe, ana kiɗa ana yi wa sababbin shiga aski a fili.

Maman Khalil:
Ni dai duk wannan tarihi na ji, Allah Ya ƙara sani. Amma ina da ɗa ɗan shekara 17, kuma wallahi in ya shigo min gida da jela a ƙeya da kaina zan ɗauko almakashi. Malam Habibu don Allah ka yi magana, ba wannan ne addini ya hana ba?

Abu Sumayya:
Shi ne mana. Ƙaza'i ne ƙarara, wato aske wani sashe na kai a bar wani, sannan kwaikwayon kafirai ne. Hadisi ya zo a Abu Dawud cewa wanda ya kamantu da wasu mutane yana cikinsu. Ku kanku kun lissafo masu yin sa: 'yan ƙwallo, 'yan fim, mawaƙa, 'yan tasha. Akwai malami ɗaya a ciki? Sani ka ji tsoron Allah, kada ka ɗauki alhakin yaran mutane saboda kuɗin aski.

Malam Habibu:
Bismillah. Hajiya, Abu Sumayya, a bi abin a hankali, don mas'ala biyu ce aka haɗa.

Ta farko, tsawon gashi. Wannan ba laifi ba ne ga namiji. Ya tabbata cewa gashin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yana kaiwa fatun kunne, wani lokaci har kafaɗa. Kuma Abu Dawud ya ruwaito cewa wanda yake da gashi ya girmama shi, wato ya wanke, ya taje, ya shafa mai. Saboda haka ba za mu ga gashi ya taɓa wuya mu ce an saɓa ba.

Ta biyu, ƙaza'i. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, cewa Annabi ya hana ƙaza'i. Da aka tambayi Nafi'u ma'anarsa ya ce a aske wani sashe na kan yaro a bar wani. A wata ruwayar ta Abu Dawud, Annabi ya ga yaron da aka yi wa haka ya ce a aske duka ko a bar duka. Imam Nawawi ya bayyana cewa hanin na karhanci ne, kuma in don magani aka yi babu laifi. Inda malamai suka yi saɓani shi ne ragewa. Wasu sun ce ƙaza'i sai an kwashe gashi har fata, ragewa da almakashi ba ta shiga ciki. Wasu sun ce in bambancin ya fito fili sosai hukuncin ɗaya ne.

Abin da nake gani, wanda aka kwashe masa gefe tal aka bar tsakiya da ƙeya ya shiga hanin, ya kamata ya bari. Wanda aka yi wa saisaye, gaba ta fi baya gajarta ba tare da an kai fata ba, ba ni da ƙarfin halin ce masa ya yi haram. Zancen kamantuwa kuwa, malamai sun ɗora shi a kan abin da ya keɓanta da addinin wasu ko ya zama tambarin fasiƙai. Wannan kuma yana canzawa daga gari zuwa gari. Allah ne mafi sani.

Abu Sumayya:
Malam, da girmamawa, a garinmu tambarin fasiƙai ne. Ba a Jamus muke ba.

Mubarak Waya:
Salam. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, amma tunda ni ake magana a kai bari in yi. Ina da askin nan. Shekarata 23, gyaran waya nake yi, ni ke biyan kuɗin makarantar ƙannena biyu, ban taɓa shan ko taba ba. Sallar asuba a jam'i nake yin ta. Malam Abu Sumayya, ban san ta inda na zama fasiƙi ba.

Abin da ya sa nake yi ba wani abu ba ne, yana yi min kyau. Kaina dogo ne, in na yi tal-kwabo ba na jin daɗin ganin kaina. Amma an taɓa tare mu da dare muna dawowa daga kasuwa, mu huɗu a adaidaita. Ni kaɗai aka sauke. Aka cire min hula, aka ja gashin ƙeyata, aka ce in faɗi inda nake sayen ƙwaya. Aka zazzage jakata, sukundireba da allon waya suka zube a ƙasa. Sauran ukun ba wanda aka tambaya ko sunansa. Wannan abin har yau yana ci min rai. Malama Hadiza ta faɗi gaskiya, suna ake fara laƙaba maka, daga nan sai a daina ganin ka.

Maman Khalil:
Mubarak ɗana, Allah Ya huci zuciyarka, abin da aka yi maka zalunci ne. Amma ka ga dalilina ke nan. Ba cewa na yi mai askin ɗan iska ne ba. Tsoro nake ji. Ni uwa ce, ba zan iya gyara tunanin duk wanda zai tare ɗana a hanya ba, amma zan iya gyara kansa kafin ya fita. Gobe neman aure za ka je, kawun yarinya ƙeyarka zai fara kallo kafin ya tambayi sana'arka.

Mubarak Waya:
Na fahimce ki Mama. Sai dai in kullum mu ne za mu riƙa canzawa saboda masu mugun zato, yaushe su za su canza?

Alhaji Ɗanjuma:
Mubarak, a shekarun 1970 afro muka tara, da wando fantalo da takalmi mai tudu, cebur ɗin taje kai a aljihun baya. Iyayenmu gizo suke ce wa gashin, suna cewa mun zama 'yan iskan gari. A cikin masu afro ɗin nan aka samu alƙalai da shugabannin makarantu da limamai. Saboda haka ba na yanke wa yaro hukunci da gashinsa. Amma ina tare da Malam Habibu a kan kwashe gefe tal. Abin da hadisi ya ambata da suna a bar shi, sauran kuwa lokaci ne zai aske muku.

Isuhu Damagaram:
Alhaji, ai mu ma muna da namu tun kafin talabijin. Zanko fa? A ƙauyukanmu wanzami na aske wa yaro gefe biyu ya bar layi daga goshi har ƙeya. Ga tukku a tsakiyar kai. Ga yaran Buzaye da na Fulani da irin nasu. Malamai sun yi wa'azi a kan waɗannan ma da wannan hadisin na ƙaza'i, har suka ragu. Ina faɗa ne don kada a ɗauka duk askin da ya saɓa daga Turai ya zo.

Auwal Sydney:
Ku bari in ba ku na Ostareliya, don a nan askin ya zama kamar tuta. Akwai kalmar "bogan" da ake kiran talakan Bature wanda ake ganin bai waye ba, kuma malet na cikin alamominsa. To akwai wani ƙaramin gari, Kurri Kurri, a jihar New South Wales, garin ma'aikatan kwal ne. Masana'antar alminiyom da ke ɗaukar mutanen garin aiki ta rufe a 2012, kasuwa ta mutu. A 2018 mutanen garin suka fara wata gasa mai suna Mulletfest don jawo baƙi. Ana zaɓen wanda ya fi kyan malet a rukuni daban-daban, na yara, na dattawa, na masu gashi launin ja. Abin da ake yi musu gori da shi suka mayar abin alfahari, garin ya shiga labaran duniya.

Yau rabin abin da za ka gani a filin rugbi da ƙwallon Ostareliya ke nan. Cameron Smith da malet ɗinsa ya ci babbar gasar golf ta Birtaniya a 2022, wasan da aka sani da masu kuɗi. Duk da haka a 2021 wasu makarantun kuɗi a Sydney da Perth sun hana ɗalibansu yin sa. Ka ga rigimar Maman Khalil da Mubarak a nan ma ana yin ta, ba tare da an kawo zancen addini ba.

Nura Debrecen:
Iran ma a 2010 ma'aikatar al'adunsu ta fitar da hotunan askin da aka amince maza su yi, malet da ɗaure gashi a baya ba sa ciki. Mu ma a Kano an sha ganin labarin 'yan Hisbah sun yi wa samari aski a kan hanya. Malam Habibu, wannan fa?

Malam Habibu:
Nura, ra'ayina a nan a fili yake. Abin da manyan malamai suka ce makaruhi ne, kuma aka yi saɓani a kan iyakarsa, nasiha ake yi a kansa. Uba na da iko a kan ɗansa ƙarami, makaranta na da dokarta. Amma a kama baligi a tozarta shi a gaban jama'a, ana ɗauka a waya ana yaɗawa, ban ga yadda wannan zai sa ya so sunna ba. Mutuncin Musulmi haramcinsa ba saɓani a kai. Ina girmama masu aikin gyaran tarbiyya, aiki ne mai wuya, amma gyara da hikima ake yin sa.

Abu Sumayya:
Malam na karɓi maganar tozartawa, ban goyi bayan a wulaƙanta kowa ba. Mubarak ka yi haƙuri in kalmata ta yi maka zafi, ba kai nake nufi ba. Amma ina nan a kan bakana cewa barin sa ya fi. Yaranmu ba tarihin Rumawa suka karanta suka yi askin ba, TikTok suka kalla.

Kabiru Tirela:
Wannan gaskiya ne, kuma dawowarsa ma tana da dalili. Bayan mawaƙi Billy Ray Cyrus ya yi tashe da shi a 1992, askin ya zama abin dariya kusan shekara ashirin da wani abu. Sunan mullet ɗin ma lokacin ya bazu. Waɗanda suka yi shi a shekarun 1980 ba haka suke kiran sa ba. Mawaƙan Beastie Boys ne suka yaɗa kalmar da wata waƙarsu ta 1994, kuma don zolaya suka yi. Tun kafin nan Amurkawa na ce wa wawa mai kan kifin mullet. Wato an raɗa masa sunan ne bayan yayinsa ya wuce, masu dariya ne suka yi masa suna.

Sai korona ta zo a 2020 aka rufe shagunan aski. Mutum na gida da almakashi da madubi, gaba da gefe yake iya gani ya rage, ƙeya kuwa sai dai ya ƙyale ta. A shekarar Miley Cyrus, 'yar shi Billy Ray ɗin, ta fito da shi. Matasan Koriya ta Kudu suka kawo nasu salon mai tsefe-tsefe da ake kira askin kyarkeci, intanet ta ɗauka. Nan Tennessee akwai wata mata da ta shiga kundin Guinness a 2023, nata ya kai santimita 172, tun 1990 ba ta yanke na baya ba.

Malama Hadiza:
Wani abu da na lura da shi a wajenmu. Mu sau da yawa sunan gwani muke sa wa aski. An yi Tyson, an yi Galas, an yi Balotelli. Yaro na faɗin sunan da alfahari. Amma da zarar manya sun karɓi zancen sai ya koma askin 'yan daba, askin 'yan ƙwaya, askin 'yan tasha. Kuma ɗan mai kuɗi in ya dawo hutu daga waje da irin askin da aka ja wa Mubarak, cewa ake yi yaro ya waye. Wannan bambancin ne ke damuna fiye da tsawon gashin kowa. Ina koyarwa, ina ganin yadda malami ke sauya wa ɗalibi fuska saboda kansa tun bai buɗe baki ba.

Anti Bilki Jamus:
Malama wallahi haka ne. Ko a nan, askin da aka yi wa lebura dariya a kansa, da ɗaliban jami'a suka ɗauka sai ya zama ado.

Sani Mai Aski:
Na gode ƙwarai, na ƙaru. Bari ni ma in faɗi abin da na sani ta ɓangaren kujera, don hoton da yara ke kawowa da abin da ke fita a kansu ba ɗaya ba ne. Gashin Bature zubowa yake yi, namu tashi yake yi. In ka bar ƙeyar Bahaushe wata uku ba sauka za ta yi ba, curewa za ta yi ta yi tudu. Shi ya sa wanda ake yi a nan, kilifa ake zagayawa da ita a bayan kunne kamar rabin wata, a fara da lamba ɗaya a hau biyu a hau uku, a bar sama da ƙeya, a murza da soso. In ya sa hula sai ka ga gashi ya leƙo ta ƙasa, abin da ke tayar wa iyaye hankali ke nan.

Daga yau wanda ya zo zan gaya masa maganar Malam. Ba zan kai reza fata a gefe ba, lamba biyu ce ƙarshe. Yaron da bai balaga ba kuwa sai da izinin mahaifinsa, dama haka nake yi.

Mubarak Waya:
Yaya Sani nawa ma ba a kai fata ba. Amma ina so ya kwanta sosai, wani ya ce in sa rilaksa. Ya kake gani?

Sani Mai Aski:
Kada ka soma. A ƙeya ga zufa, ga wuyan riga na gogawa. Na ga samari da yawa da man nan ya ƙona, wurin ya yi ƙuraje, daga baya ya zama tabo mai tudu wanda gashi ba ya sake fitowa a kai. In tsawo kake so, ka riƙa wankewa, ka shafa man kaɗanya ko man kwakwa, ka taje tun yana da danshi. Kuma ka sayi kilifarka ka riƙa zuwa da ita shago, ko a wurina ne.